Saƙon Iya Zuwa Omdurman

Mun tashi daga Gumel da asuba, ni da yayana, a tasha ma muka yi salla. Akwatunanmu biyu ne, ɗaya na tufafi, ɗaya na tsarabar da Mama ta yi kwana uku tana haɗawa: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, har da kilishi. Ta danna ta danna, sai da yayana ya zauna a kai kafin zif ya ja. Ku da kuka dame ni da tambayar abin da ya kai ni Sudan a irin wannan lokaci, to ku gyara zama, ga labarin.

Kakata, Iya, wadda ta haifi Mama, tana da ƙane guda ɗaya a duniya, Adamu. Suna yara iyayensu suka ɗauki hanyar Makka a ƙafa. Iya tana fama da kurkunu a ƙafa lokacin, ba ta iya takawa, sai aka bar ta wurin kakarsu, aka tafi da ƙanen, wai sai an dawo. Ba a dawo ba. Guzuri ya ƙare musu a Jazira ta ƙasar Sudan, suka tsaya tsinkar auduga, shekara ta bi shekara, can iyayen suka rasu. Adamu ya girma, ya yi iyali, ya koma Omdurman. Sai da tsufa ya zo musu wani ɗalibi ɗan garinmu da ke karatu a Khartum ya haɗa su a waya. To amma wayar kurame biyu ce, ita tana “Kana ji na?” shi yana “Kina ji na?” har kuɗin ya ƙare. Ba su sake ganin fuskar juna ba.

Iya ba ta son hoto ko kaɗan. Sai a ciwonta na ƙarshe ta kira ni ta ce in kawo abin ɗaukar nan, tana da magana da Adamu. Na aro kyamara, na yi yammaci uku ina ɗauka. Ta ce in kai masa da hannuna, kada in aika. Ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, sannan yaƙi ya ɓarke a can, lambarsu ta daina shiga. Sai bana 'yarsa ta kira ta ce sun dawo gida daga gudun hijira, tsohon yana nan da rai, amma jiki ya yi rauni.

Ga abin kunyar. Ni shagon kwamfuta gare ni, buga takardu da fitar da su shi ne cina da shana, kuma kullum bakina ba ya hutawa wajen yi wa mutane faɗan su riƙa ajiye abu a wuri biyu. Amma bidiyon Iya wuri ɗaya tal yake, a cikin 'yar ma'adanar nan mai girman tafin hannu da ake jona wa kwamfuta da kebul, wadda mu a shago muke ce wa eksitana. Kwamfutar shagon da ke da ɗayan kwafin ta ƙone tuntuni, katin kyamara kuma mai shi ya goge. Kullum ina cewa gobe zan kwafa, har ranar tafiya ta zo. Na cusa ta a tsakanin atamfofina na rufe akwati.

Daga Kano jirgi ya kai mu Addis Ababa, daga nan Port Sudan. Zafin garin nan na daban ne, zafi ne mai jiƙa, mutum yana tsaye kawai rigarsa ta manne masa. Muka kwana ɗaya, da sassafe muka shiga bas mai zuwa Khartum. Hanyar doguwa ce, duwatsu jajaye da farko, daga baya fili fetal babu ko itace. Shingen bincike kuwa na daina ƙirgawa. A kowanne sai an karɓi fasfo an jujjuya, an tambayi abin da ya kawo mu, yayana ya karanto ɗan Larabcinsa na islamiyya su kuma su yi ta murmushi, don a wurinsu kamar mutum ne yake huɗuba a wajen sayen burodi.

Kusa da Atbara aka tsaya cin abinci. Wake ne da suke kira ful, an dama shi da man riɗi da albasa da wani farin cuku, ana dangwala da burodi, kowa hannunsa a kwano ɗaya. Ba a tambayar ko kai wane ne, kana wucewa za a ce ka zo ka ci, kuma da gaske suke. Kuɗinsu jine, ya faɗi ƙasa warwas. Sai ka ga mutum ya zaro dami kamar zai sayi akuya, ashe shayi zai biya, shi ya sa yawancinsu ta waya suke biyan komai. A gefen hanya na hango mai gasa nama da ƙuli da yaji, na tambayi sunansa aka ce agashe. Na ce wa yayana, ka ga tsirenmu ya riga mu zuwa, har ya yi aure ya zauna.

Da la'asar muka shiga Bahri, ɓangaren arewa na Khartum. Masana'antu a ƙone, bangaye duk huji, motoci a gefen titi sai ƙarfe. Amma a cikin wannan ɓarnar sai ka ga mace tana share ƙofar gida, wani yana shafa wa shagonsa shuɗin fenti, wanzami ya rataye madubi a jikin bishiya yana aski. Muka haye gada zuwa Omdurman, Nilu yana gudana a ƙasa abinsa kamar ba a yi komai ba.

'Yar tsohon ce ta tarye mu, Nafisa, 'yar'uwar Mama ke nan. Su ba sa cewa inna ko gwaggo, halti suke cewa, sai na bi su. Hausarta irin ta da ce, mai daɗi, amma kafin ta kai ƙarshen magana ta zame cikin Larabci. Haj Adamu yana kwance a gadon igiya a inuwar tsakar gida, siriri, farin gemu, da tabarau mai kauri. Da aka ce masa jikar Iya ce, ya kama hannuna ya ce ashe an aiko masa da amarya daga gida, amma me ya sa aka zaɓo gajeriya. Na ce daidai da kai ne, tsoho mai ran ƙarfe. Aka yi dariya. Da mutane suka ragu sai ya jawo ni kusa ya rage murya.

“Ta tafi da fushina?”

Na buɗe baki zan gaya masa abin da ta ce, ya ɗaga hannu. “A'a. A bakinta nake so in ji.”

Halti ta ja ni gefe ta ce da hantsi kawai yake da ƙarfi, yana wucewa sai barci da rikicewa, wani lokaci ma ba ya gane ta. Mu kuma kwana biyar gare mu, tikitin komawa yana hannu.

Washegari na je ɗauko eksitana a cikin atamfofi, babu ita. Ina waigawa sai na hango ta a kan akwati, a goge fes. Na ɗauka yayana ne ya ciro, ban ko tambaya ba. Aka tayar da tsohon zaune, aka jingina masa matasai, maƙwabta mata suka cika tsakar gida. Na buɗe kwamfutar cinyata da yanga irin ta masu sana'a, na jona. Ta yi ƙarar nan ta shiga, folda ta buɗe, na danna bidiyo. Farkonsa ban daidaita kyamara ba, tabarma ce kawai da hannayen Iya tana jan carbi. Kafin hoton ya hau zuwa fuskarta, sai ƙarar fita, allo ya daskare. Ta sake shiga da kanta, ta sake fita. Sau huɗu Haj Adamu yana ganin hannayen yayarsa.

Na ce ƙaramin abu ne, alhali gumi ya jiƙa mini baya. Na sauya rami, kwamfutar ramuka uku gare ta, duk na gwada. Na kashe na kunna. Na shiga saiti na hana ta rage wa ramukan wuta don tattalin batir. Na yi zargin ƙarancin wuta ne tunda a batir nake, lantarki kuma, kahraba a bakinsu, baƙuwa ce a unguwar, sai muka ɗauki kaya muka shiga gidan maƙwabci mai sola na jona caja. Nan ma haka. Maƙwabcin ya fito da tasa kwamfutar, ita ma ta shiga ta fita. Abu ɗaya na lura: in na danne kan kebul da yatsa a bakin eksitanar, takan ɗan jima. Ina cikin dannewa na ji ta yi wani ƙis ƙis a ciki. Duk mai irin sana'ata ya san wannan ƙara, kuma ba ya son jin ta. Na zare da sauri. Kafin in koma gida tsohon ya yi barci, hantsi ɗaya ya tafi. Wallahi ranar ban iya cin abincin kirki ba, haushin kaina kamar in mari kaina.

Na yanke cewa kebul ne. Da safe muka hau raksha, ita ce keken hayarmu mai ƙafa uku, daga nan ƙaramar bas ta haye da mu Khartum. Daga kan gada ana hango inda Nilu biyu suka haɗu, ɗaya fari-fari ɗaya duhu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Suk Arabi, kasuwar da aka ce da can babu abin kwamfuta da za ka nema ka rasa, yawancin shagunanta ƙofa a wangale, ciki wayam. Amma 'yan tireda sun fara dawowa, kowa ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya baje abin da ya samu. A wurin na uku na sami kebul mai faɗin baki irin nata. Ban ko yi ciniki sosai ba, ni da ake tsoro a kasuwar Gumel.

Muka zauna wurin wata mai shayi a gindin bishiya don in gwada. Ta shiga, na fara murmushi, ta fita. Yayana ya zaɓi wannan lokacin ya ce ai da ma da na kwafa tun a gida. Na ce masa sannu da hikima, ina ma ka kawo ta tun a Kano. Muna cikin cacar baki sai mai shayin ta ajiye mana kofi ta ce, da Hausa tsaf, mu yi haƙuri da juna, rana ta yi zafi. Ashe 'yar unguwar Mayo ce, kakanninta daga Damagaram suka zo. Ta ji matsalar, ta ce akwai wani usta, wato gwanin gyara, a Alshajara, shi ma namu ne, da shagonsa yana nan kasuwar kafin a wawashe. Ta kwatanta mana wurin, kuma ta rantse ba za ta karɓi kuɗin shayi ba.

Alshajara unguwar maƙera da kanikawa ce, ko'ina ƙarar guduma da walda. Usta yana cikin wani ɗan shago tsakanin mai gyaran janareto da mai faci, dattijo mai furfura a gefen kai, teburinsa cike da wayoyi da rediyo da kayan sola. Na fara zuba masa bayani ina jero abin da na gwada, don ya san ba da 'yar koyo yake magana ba. Ya saurara har na gama, ya ce tamam, duk daidai na yi, amma na leƙa cikin bakin nata? Na ce na hura. Ya sa gilashin ƙara girma a ido, ya kunna fitila, ya ɗauki allura ya shiga sakata a hankali. Sai ga wani abu kore-kore, busasshe kamar ƙanzo, yana fitowa. Ya tara a kan farar takarda, ya shinshina, ya ɗiga masa ruwa ya murza da yatsa biyu. Da ya buɗe yatsun sai abin ya ja zare.

“Ya ustaza,” ya ce, “wannan ai kuka ce. Miya aka kaɗa da ita?”

Yayana ya yi dariya har da riƙe bango. Ni kuwa nan take na kira Mama. Ko a jikinta. Ta ce eh, ita ta cire ta daga cikin atamfofi, don ta ga yadda ma'aikatan jirgi ke jifa da kaya, ta naɗe ta a hankici ta binne a tsakiyar garin kuka. Ƙwai ma a cikin dusa ake tafiya da shi kasuwa, in ji ta, ballantana muryar uwarta. Sauran labarin a bakin Halti na ji daga baya: ita ta tsince ta tana juye tsaraba, hankicin ya warware, sai ta sa jiƙaƙƙen tsumma ta goge mini ita tas, har cikin ramin. Gari ya sha ruwa ya yi yauƙi, zafin Omdurman ya busar da shi a kan 'yan ƙarafan da ke ɗaukar wuta. Mata biyu, kowacce da kyakkyawar niyya, ni kuma da digirina ina can ina zargin batir.

Usta ya wanke bakin da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ya bar shi ya bushe. Ya ce kada in kuskura in kunna bidiyon a kanta, yawan yankewar nan ya wahalar da ita, wannan ƙis ƙis ɗin gargaɗi ne. Kwafa za a fara yi, in ta yarda. Ya shimfiɗa tawul, ya kwantar da ita, ya manne kebul da salatif a jikin tebur, ya ce kowa ya ja baya. Ya jona. Ta shiga. Muka zuba wa koren layin nan ido yana rarrafe kamar hawainiya. Mai faci ya tayar da injinsa tebur ya fara rawa, Usta ya leƙa ya daka masa tsawa da Larabci, ya kashe, ya ma zo ya tsaya yana kallo tare da mu. Da aka gaya masa abin da ke ciki sai ya ɗaga hannu yana addu'a. Wajen tsakiya layin ya tsaya cak. Na zauna a kan wani tsohon batir ina karanto duk abin da ya zo bakina. Can ya motsa. Sai da aka yi azahar aka yi la'asar kafin fayil na uku ya gama shiga. Na sa ya zuba mini a filashi biyu, da kwamfutata, da wayar yayana, har Usta yana tambaya ko a rubuta a allo ma.

Hantsin washegari Haj Adamu ya tashi garau, har ya sha kofin jabana, gahawarsu mai citta. Wannan karon ban tara mutane ba, daga shi sai Halti sai mu. Na ɗora masa kwamfutar a kan matashi, na ƙure murya. Tabarma ta fito, hannaye da carbi, sannan hoton ya hau. Tsohon ya matso har tabaransa ya kusa taɓa allo.

“Inna,” ya ce. “Wannan ai Innarmu ce.”

Ba shi da hoton mahaifiyarsu ko ɗaya, ashe Iya da ta tsufa ita ta koma sak. Sai ga muryarta, da ɗan kaushin nan nata, tana sallama, tana tambayarsa lafiya, da iyali, da zafi. Ta yi masa tsiya kan yadda yake kuka in an aike shi rijiya. Sannan ta gyara mayafi ta dubi kyamara sosai.

“Adamu, an ce kana cewa kun yashe ni. Kai me ka sani? Ɗaukar ka aka yi, takalmi ma ba ka iya ɗaurawa ba. Ban riƙe ka ba ko na kwana ɗaya. In ka je kabarin Inna ka ce mata ƙafar ta warke.”

Ya cire tabarau ya kifa fuskarsa a tafin hannu. Halti tana kuka, ni ina kuka, yayana ya fita wai zai duba wani abu a waje. Da tsohon ya ɗago sai ya ce alhamdu lillahi sau uku, ya ce in mayar daga farko. Ranar bai yi barcin bayan hantsi ba.

Sauran kwana biyun yawo muka yi da zumunci. Na ci kisra, wata siririyar waina ta dawa, da miyar kuɓewa, na sha zoɓo wanda suke kira karkade, Halti kuma ta kaɗa miyar kukar nan kowa yana yi mini dariya. Na zuba mata bidiyon a wayarta, na bar mata filashi ɗaya, na koya mata yadda za ta kunna. Ranar tafiya Haj Adamu ya ce ya fasa auren, amarya mai tsada ce, amma ya sa mini albarka har sai da direban raksha ya gaji da jira.

Mun iso Gumel bayan kwana uku a hanya, a gajiye liƙis. Mama tana ganina ta ce ai ga shi ta isa lafiya, da ba don kukar ba da ta fashe. Ban yi musu ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini, na farko dai, in riƙa bin faɗan da nake yi wa mutane, kuma in abu ya ƙi aiki in leƙa bakinsa kafin in zargi cikinsa. Na kuma ga mutanen da aka ƙone musu kusan komai suna share ƙofar gida suna kiran baƙo cin abinci, na ji kunyar irin ƙorafin da nake yi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Amanar tsoho kuma ba a ce mata sai gobe, saura ƙiris in makara.

Jiya Halti ta kira. Ta ce kullum da hantsi sai ya sa an kunna masa, har ya haddace wuraren da Iya take yin shiru tana jan numfashi. In ta ce, “Adamu, kana lafiya?” sai ya yi maza ya amsa kafin ta ci gaba: “Lafiya lau, Yaya. Kin tashi lafiya?”